Tabar Wiwi Da Maganar Gyaran Doka: Ina Muka Tsaya?

Mai girma Dagaci, malamanmu, shugaban ƙungiya, da 'yan'uwanmu 'yan asalin Balan da suka taso daga Kano, Kaduna, Abuja da Ikko, muna yi muku barka da zuwa gida.

An nemi mu ce wani abu a kan maganar halatta noman tabar wiwi, wadda wasunku suka fi mu jin ta a birni. Tun 2019 Gwamnan Ondo na lokacin, marigayi Rotimi Akeredolu, ya nemi a ba jiharsa damar noma ta domin haɗa magunguna da samun kuɗin shiga. To amma tsarin mulki ya sanya sha'anin ƙwayoyi a hannun Tarayya, babu majalisar jihar da za ta iya halatta ta ita kaɗai. Don haka aka kai ƙuduri Majalisar Wakilai, aka yi ta ja-in-ja, har aka jingine shi a 2023. Shugaban hukumar NDLEA, Janar Buba Marwa, ya fito fili ya ƙi amincewa.

Masu goyon baya suna kafa hujja da Lesoto, wadda ta fara ba da lasisi a 2017, da Maroko da ta yi dokar ba da damar noma ta a 2021, da Gana da ta yi tata a 2023. Ba mu musanta cewa likitoci na ciro magani daga wannan ganye ba. Sai dai ƙasar da ta sha wahalar tsare maganin tari mai kodin, har ta kai ga haramta shi a 2018, ta yaya za ta tsare gona a tsakiyar daji? Duk manomin da ke cikin wannan taro ya san abin da akuya ke yi wa gonar da ba ta da shinge. A nan ba mu da wata tababa: addininmu ya hana abin maye, mu ma ba mu yarda a noma ta ba.

Amma akwai gyaran da muke ganin ya wajaba, shi ne ma dalilin tsayuwarmu a gabanku. Ƙasar nan ta daɗe tana gwada tsanani. Dokar soja ta 1966 ta tanadi kisa ko ɗaurin shekara 21 ga mai noma wiwi. A 1989 aka kafa NDLEA, dokarta kuwa ta tanadi ɗaurin shekara 15 zuwa 25 ga wanda aka samu da ita ko yana sha. Duk da haka binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi tare da Majalisar Ɗinkin Duniya a 2018 ya gano mutum miliyan 10.6 na shan wiwi a Nijeriya. Mu da muka yi shekaru da alli da bulala a hannu mun san iyakar bulala: tana tsorata yaro, ba ta koya masa karatu.

Muna da wani ɗalibi, wanda ba za mu ambaci sunansa ba, da babu kamarsa a lissafi a ajinsa. Bayan firamare ya tafi ci-rani, aka kama shi da ƙulli biyu a aljihu. Ya shiga gidan yari yana mashayi, ya fito yana dillali, domin a can ya haɗu da malaman sana'ar. Wanda ya sayar masa kuwa ko caji-ofis bai taka ba. Mahaifiyarsa ta sayar da tumakinta kaf wajen bin shari'a. Har yau idan muka haɗu da ita a hanya, mu ne ke fara sunkuyar da kai.

Abin da muke nema shi ne doka ta bambance mai fatauci da yaron da ya faɗa tarko. Mai fatauci a hukunta shi yadda ya kamata. Yaron da aka kama karon farko a kai shi wurin magani da koyon sana'a. A nan jiha tana da ta cewa, domin kiwon lafiya da tarbiyya suna cikin huruminta. Muna da asibitin Dawanau da makarantar gyaran tarbiyya ta Kiru, amma ku duba nisansu daga Gaya da Ajingi, ku duba kuɗin mota ga talakan da hatsinsa ke ƙarewa kafin damina.

Saboda haka muna roƙon shugabannin ƙungiya su rubuta wa 'yan majalisar jiha masu wakiltar Gaya da Ajingi, su nemi a buɗe sashen kula da masu shaye-shaye a Babban Asibitin Gaya. Ku kuma mazauna birni, yaran garin nan da ke sauka a shagunanku da zaurukanku amana ce a wuyanku. Kowa ya ba sakatare sunayen waɗanda ke hannunsa kafin a watse, domin mu san inda kowane yaro yake kwana da abin da yake yi.

Wassalamu alaikum.