KARIYAR SAMAN MOTA: Kafin ka ba mai walda kuɗinka, saurari wannan

Ga waɗanda ba su samu sauraron shirinmu na wannan makon ba, ga shi nan a rubuce.

Muna magana ne daga nan Doka, cikin garin Kaduna. Yau maganar kariya za mu yi, wato ƙarfen nan da ake ɗaurawa a saman mota don ɗora kaya. Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, ya ce ya sayi Prado 'yar Kwatano, yana shiga gona da ita, wace irin kariya ta dace da shi? To malam, kafin in ba ka amsa, bari ka ji abin da ya same ni, don gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah.

Ina da 'yar gona can gaba da Maraban Jos, idan ka ɗauki hanyar Pambegua ka sauka daga kwalta. Lokacin da na sayi tsohuwar jif ɗita, na je wajen wani mai walda na ce ya haɗa mini kariya mai ƙarfi. Ya kuwa zage, ya samo fayif mai kauri ya yi mini aiki kamar gadon ƙarfe. Ya buga ta da hannu ya ce, "Alhaji, wannan ko tan guda ka ɗora ba za ta lanƙwashe ba." Kuma gaskiya ya faɗa, kariyar ba ta lanƙwashe ba. Abin da ni da shi ba mu tambaya ba shi ne, rufin motar fa, nawa zai iya ɗauka?

Da kaka ta yi, na ɗora buhun masara uku a sama, ƙanena da yarona suna ciki. Muna fitowa daga gona akwai wani kwazazzabo da ruwan damina ya ci gefe guda. Taya ɗaya na faɗawa, wallahi sai na ji motar ta tafi gefe kamar kwale-kwale, tayar ɗaya ɓangaren ta ɗaga. Salati kawai muke yi. Allah Ya kiyaye ta dawo ta zauna. Da muka iso gida na duba, rufin ya lotsa a wuri biyu, ƙofar baya ma sai an daka ta take rufuwa.

To ga darasin. Kowace mota akwai iyakar nauyin da kamfanin da ya ƙera ta ya yarda a ɗora a rufinta tana tafiya, kuma yana rubuce a littafin motar. A yawancin jif-jif ɗin da muke hawa, abin yana tsakanin kilo 75 zuwa 100 ne. In motarka ba ta zo da littafi ba, sa sunanta da shekararta a intanet, za ka samu. Kuma ku lura, nauyin kariyar kanta yana cikin wannan lissafin.

Mu buga lissafin tare. A ce littafi ya ce kilo 100. Tawa da na cire na kai sikeli, kilo 45 ta yi. Saura 55 ke nan, a kan kwalta mai kyau. Amma a hanyar daji mota tsalle take yi, duk ramin da ta faɗa kayan sama sai sun doki rufin da ƙarfin da ya fi nauyinsu. Shi ya sa wasu kamfanonin ƙera kariya ke cewa in za ka bar kwalta, ka raba adadin da ɗaya da rabi. Ɗari ta koma kusan 66. Cire 45, saura 21. Jarkar ruwa mai lita 25 ita kaɗai kilo 25 ce. Kun ji fa, ko jarka ɗaya ban cancanci ɗorawa ba, ni kuma na lafta buhu uku, kowanne wajen kilo 100.

Saboda haka shawara ta farko, nemi kariya mara nauyi. Ta alminiyam ta fi tsada amma ba ta da nauyi, ba ta tsatsa. In aljihu bai kai ba, je ka Panteka, akwai gwanayen ƙira da za su yi maka abin da ka zana. Kai dai ka ce musu siririn fayif kake so, kuma a auna ta a gabanka kafin a ɗaura. In tsani ko tabarma da katifa kawai kake ɗauka, sanduna biyu a gicciye ma sun wadatar.

Na biyu, duba yadda za ta kama motar. Tsofaffin Land Cruiser da tsohuwar Hiace suna da ɗan indararo a gefen rufi, nan ake maƙala ƙafafun kariya, kuma yawan ƙafafun yana raba nauyin. Sababbin motoci kuwa, in ka ɗaga baƙar robar nan da ke bin tsawon rufin, a yawancinsu za ka tarar da wuraren ɗaure noti da kamfani ya tanada. Nan ne wurin da aka ƙarfafa, nan za ka ɗaura. Kada ka yarda a huda maka tsakiyar rufi, balle a yi walda a jikinsa. Falle ne siriri. Ni an huda tawa, da ruwan Agusta ya sauka sai ga ɗigo a kan kujerar baya, bayan shekara tsatsa ta zagaye ramin. A sa roba tsakanin ƙarfe da fenti, a toshe bakin kowane noti da gam mai hana ruwa, a yi amfani da noti mai roba a ciki wanda girgiza ba ta kwance shi.

Masu Hilux, ku saurara da kyau. Kan motar daban, bodin baya daban, kuma a hanya mara kyau kowanne motsinsa yake yi. In aka haɗe su da kariya ɗaya aka ɗaure tam, wani abu sai ya tsage, ko waldar ko rufin.

Na uku, lodi. Kaya masu nauyi su zauna ƙasa, cikin mota ko a bodi. Sama ta kayan da ke da girma ne amma ba nauyi: katifa, tamfol, tabarmi, buhun da ba komai a ciki. Duk abin da ka ɗora sama yana ƙara wa mota saurin kifewa a kwana, kuma birki ba ya kamawa da wuri kamar da. Ɗaure da bel mai makulli, ka bar robar tsohon tif ɗin nan, rana tana cinye ta. Abin da ya fizgo daga samanka a hanyar Zariya, gilashin wani bawan Allah zai faɗa wa, ko mai babur da ke bayanka.

Bayan an ɗaura, ka yi tafiyar farko ka tsaya ka bi kowane noti da sifana, haka kuma duk lokacin da ka dawo daga daji. Ka auna sabon tsayin motarka kafin ka shiga get ɗin gida. Kuma ka sani za ta ƙara shan mai, ga kukan iska in ka take ta. In ba lokacin aikin gona ba ne, cire ta ka jingine.

Ni yanzu masarata a-kori-kura nake ɗaukar wa haya. Kuɗin hayar bai kai rabin abin da na biya mai gyaran bodi ba, balle a yi maganar ran yarona.

Ɗan'uwa mai Prado, fara da littafin motarka, sannan ka je kasuwa. Mai tambaya ya ajiye ta a ƙasan wannan rubutun, za mu taɓo ta a shiri na gaba in Allah Ya kai mu. Allah Ya tsare mu a hanyoyinmu.