Idan Ƙarfi Ya Wuce Kima: Jawabi a Taron Tsofaffin Ɗalibai



An ce in yi bayanin aikin da nake yi a ma'aikatarmu, kuma kada in wuce minti biyar. To, ku tuna da lasifikar ɗakin taronmu, yadda take kwarma ihu duk lokacin da aka kusantar da makirufo gare ta. Sautin da ya fita ne ke komawa ciki, a sake ƙara masa ƙarfi, har na'urar ta shiga kukan kanta. Irin wannan ciwo yakan kama amfilifayar rediyo, wato na'urar da ke ƙara wa sigina ƙarfi kafin ya hau eriya, sai dai nata kukan kunne ba ya jin sa.

Kwanakin baya aka kawo mini wata da ke aiki da rediyon oba-oba na ma'aikatanmu da ke ƙauyuka. Ta ƙona transisto biyu, muryarmu tana kutsawa cikin tashar wasu, har an fara maganar sayen sabuwa. Da na auna, sai na ga wat 1 kawai take bukata ta ba da wat 20, amma rediyon da ke ciyar da ita wat 4 yake ɗura mata. Ninki huɗu ke nan, abin da muke kira desibel 6. Ɗurin nan ke murguɗa sigina ya fantsama zuwa mitar maƙwabta.

Maganin resisto uku ne a bakin shigarta: biyu masu om 150 zuwa ƙasa, ɗaya mai kimanin om 37 a tsakaninsu. Suna shanye wat 3 su mayar da shi zafi, layin kuma ya ci gaba da ganin om 50 ɗinsa. A nan na yi kuskure, malamai ku gafarce ni: na fara sa resiston da aka naɗa da waya, na manta cewa a mitar rediyo naɗi ne, ba resisto ba. Kwana biyu na ɓata.

Saura kukan kai. Ƙarfin transisto yakan ƙaru idan mita ta sauka, saboda haka can ƙasa da mitar aikinta take fara ihu. Na ɗebi kaɗan daga abin da ke fita na mayar ciki ta resisto da kafasito, amma a juye, don ya rage maimakon ya ƙara. Dabarar Harold Black ce, injiniyan Bell a Amurka, tun 1927.

Tana nan tana aiki, ba a sayi sabuwa ba. Kuɗin resiston kuwa daga aljihuna ya fita, takardar neman biya tana kan tebur har yau.

Shugaba na ɗaga mini agogo.