Dalma a Ƙafafun Motocinmu



Motocinmu masu jigilar masara da auduga tsakanin Funtua da Malumfashi, da guntayen dalma ake daidaita ƙafafunsu. Rami ɗaya kan fizge guntun, yara su tsinta a bakin titi. Mu da muka ga ɓarnar gubar dalma a Zamfara a 2010, ba ma raina wannan. Tarayyar Turai ta hana irin guntayen a ƙananan motoci tun 2005.

Akwai na ƙarfe da na tutiya. Akwai kuma ƙwayoyin gilashi da ake zubawa cikin taya, in mota ta ɗauki gudu su bazu, su cike inda nauyi ya gaza. Sai dai laima na dunƙule su, saboda haka mai faci ya tsiyaye ruwan tukunyar iskarsa tukuna.