MADATSA TAMU CE, TSARONTA A WUYANMU YA KE

Jawabi ga rassan jam'iyya na Kore Mairuwa, Tibiri da Dogondutsi



Tun ran 3 ga Agusta 1960 Nijar ta dawo hannun 'ya'yanta. To, mulkin kai ba tuta kaɗai ba ne. Madatsar da ta tare mana ruwa don lambu da shayar da bisashe dukiyar talaka ce. Amma mu sani ƙasa ce aka tara aka daɓe, ruwa kuwa ba ya barci.

Mu mutanen Arewa mun san halin ƙoramun da ke gangarowa Dallol Mauri. Duk rani yashi ne, sa'an nan ruwan dare ɗaya cikin Agusta ya cika su har baki. Bagauda ta wajen Kano ta ɓalle cikin Agusta 1988. Alau ta ɓalle cikin Satumba 2024, ruwa ya shiga Maiduguri. Manya ke nan, balle ƙarama.

Hanya biyu ruwa ya kan ci madatsar ƙasa: ko ya haura kanta ya zaizaye ta, ko ya huda ta ta ciki. Saboda haka kowane reshe ya riƙe abu huɗu.

1. Kafin damina a share mafitar ruwa. Kada a bar kowa ya toshe ta da buhunan ƙasa wai don ruwa ya ƙaru, zama ita ce ke fid da rarar da za ta haura.

2. A tuge ƙananan itatuwa, a cike ramin gafiya da na gara, a hana bisashe yin turba a kanta.

3. Bayan kowane babban ruwa mutum biyu su duba bayanta. In ruwa na tsattsafowa garau, a sa alama, a riƙa lura. In ya fito da laka, cikinta ya ke ci. Nan take a kai wa magajin gari labari.

4. A ƙidaya gidajen da ke ƙasa da ita, a san tsofaffi da marasa lafiya, a tsai da tudun da za a gudu, da wanda zai yi shela. In an yi shela, kada kowa ya koma ɗaukar kaya.

A karanta wannan ranar kasuwa, kowa ya ji. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.