Damben da 'ya'yanmu ke yi a tafin hannu

 

An nemi mu yi magana a kan wasan da ya ɗauke hankalin yaranmu a Hausari da Gwange da sauran unguwannin Maiduguri, wanda suke kira gem. Za ka ga yara huɗu ko biyar sun haɗa kai a kan waya ɗaya, sai ihu. Kafin mu yanke hukunci, ya kamata mu san abin tukuna.

Asalinsa daga Japan ne. Kamfanin Nintendo ya fitar da Game Boy a 1989, na'urar wasa ta riƙewa a hannu. Kamfanin Sony ya biyo da PSP a 2004. A kanta aka yi wasannin faɗa da jaruman katun ɗin Japan, irin su Dragon Ball Z: Shin Budokai na 2006 da Naruto Shippuden: Ultimate Ninja Impact na 2011. Sony ya daina fitar da PSP a 2014, amma wasannin ba su mutu ba, domin tun 2012 akwai wata manhaja kyauta mai suna PPSSPP da ke sa wayar hannu ta buga su. Yaro ya tura wa ɗan'uwansa ta Xender, ba data, ba ko kwabo. Shi ya sa ko da ba mu taɓa saya wa yaro na'ura ba, wasan yana cikin gidanmu, sau da yawa ma a wayar mahaifiyarsa.

To me ke jan su haka? Mu duba Naruto, labarin da Masashi Kishimoto ya zana daga 1999 zuwa 2014. Maraya ne, mutanen garinsu suna gudunsa, ya samu malamai suka riƙe shi, har ya zama shugaban garin. Jama'a, a garin da ya cika da marayu tun daga 2009, ina abin mamaki in yaro ya ga kansa a cikin wannan labari? Kuma mu Hausawa ba baƙin kallon faɗa ba ne. Iyayenmu da dambe suka zo garin nan, wasunmu kuma har yau in an ambaci Shago da waƙar da Ɗan Anace ya yi masa sai jikinsu ya motsa. Don haka naushin da ake yi a allon waya bai tayar mana da hankali ba.

Abin da ya dame mu shi ne kuɗin da aka fara ɗorawa. A wasu majalisun yara, wanda aka kayar shi zai biya. Yau kuɗin caji ne, gobe kuɗin aike. Wannan caca ce, ko da jarumin katun aka lulluɓe ta. Sai kuma dare. Lokacin da aka lalata turakun wuta a 2021 gari ya daɗe cikin duhu, yara da yawa suka saba zama a shagon caji har bayan isha'i, kuma dawowar wuta ba ta dawo da wasunsu gida ba.

Akwai wani abu kuma, ko da yake dariya zai ba ku. Yaro zai lissafo maka malaman Naruto da danginsa kaf, ka tambaye shi garin da kakansa ya baro, Kano ne ko Katsina ko Haɗeja, sai ya sosa ƙeya.

Ƙwace waya kawai zai mayar da wasan shagon caji, inda ba idonmu. Shawararmu ita ce a buga shi a tsakar gida, bayan an dawo makaranta an yi aikin gida, a ajiye waya in an kira magariba. Uba ya zauna ko sau ɗaya ya ce a nuna masa yadda ake yi. Masu shagunan caji kuma, da yawansu 'ya'yanmu ne, muna roƙon kwamitin matasa ya zauna da su a kan maganar sa kuɗi kafin taro na gaba.