Kayan mai tebur da lafiyar yaranmu



Babu unguwar da ba ta da mai tebur. Da dala biyar ko goma uwa tana samun biskit, alawa, garin lemo na leda ko dunƙulen magi. Kayan nan suna da araha, suna rarrashin mai kuka. Sai dai ƙoshi daban, gina jiki daban.

Cikin yaron da bai cika shekara ba ƙarami ne, bai wuce ɗan kofi ba. Idan biskit da ruwan zaƙi suka riga shiga, kunu ba ya samun wuri. Yaro ya ƙi abinci, uwa ta ɗauka ya ƙoshi, alhali sukari ne ya kashe masa ci. Ta wannan ƙofa tamowa take shiga gida ba sallama.

Madarar gwangwani mai kauri, kusan rabinta sukari ne. Garin madarar da ake aunawa a leda kuma, sau da yawa an cire masa man nono an musanya da man tsirrai. Ko ɗaya ba a yi shi don jinjiri ba, kuma idan aka dama da ruwan da ba a tafasa ba, zawo ke biyo baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar nonon uwa zalla har wata 6, ko ruwa ba a haɗawa, sa'an nan a ci gaba da shayarwa tare da abinci har shekara 2 ko fiye.

Shayi yana hana jiki tsotse sinadarin ƙarfe da ke cikin wake da ganye, wanda da shi ake yin jini. Kada a ba ƙaramin yaro, mai ciki kuma ta raba shi da lokacin cin abinci.

Dunƙulen magi kusan rabinsa gishiri ne, ga shi babba ma bai kamata ya kai giram 5 na gishiri a yini ba, wato ƙaramin cokali guda. Yawansa na kawo hawan jini. Ku rage shi, ku ƙara daddawa, albasa da garin busasshen kifi.

Ba duk kayan tebur ne abin gudu ba. Gishiri mai iyod yana kare maƙoƙo, yana taimakon ƙwaƙwalwar ɗan da ke ciki. Ku ajiye shi a rufe, nesa da murhu. Ku nemi man girki mai tambarin ENRICHI, domin an ƙara masa bitamin A. Sabulu kuwa garkuwa ne daga zawo.

Kuɗin biskit na kwana biyu ko uku ya isa sayen ƙwai ko ƙuli-ƙuli. Ku dama kunun hatsi mai kauri, wanda ba ya tsiyaya daga cokali, ku sa garin wake ko na gyaɗa, da garin zogale da ɗan mai.

Ku masu faɗakarwa, idan kun shiga gida ku tambayi abin da yaro ya ci jiya, cikin girmamawa, ba tare da zargi ba, domin ƙauna ce ta sa uwa ta sayi biskit ɗin. Ku auna damtsensa. Idan awon ya faɗa cikin ja, wato ƙasa da santimita 11,5, ko ƙafafunsa biyu sun kumbura, a kai shi asibiti a ranar, kada a kwana.

Allah ya raya mana zuri'a cikin ƙoshin lafiya.