Inda Mai Son Barin Giya Zai Sami 'Yan'uwa

Mun gode wa Malam da ya ba mu wannan lokaci bayan an tashi karatu. Mu da ku ke gani a gabanku, dā mashaya ne. Waninmu burukutu ya sha, wani giyar kwalba, wani kuwa 'yar leda wadda a ke ɓoyewa cikin aljihu. Ba wa'azi ya kawo mu ba. Wa'azi kam mun ji, mun kuma san gaskiya ne. Mun rantse gaban iyaye, mun rantse gaban matanmu, amma kafin kasuwa ta zagayo mun koma. Kowannenmu shi kaɗai ya ke kokawa, kunya kuwa ta hana shi faɗa wa kowa.

To, ku ji wani labari. A cikin 1935 wani dillali mutumin Niyok, sunansa Bill Wilson, ya tafi fatauci garin Akron a Amurka. Wata biyar ke nan rabonsa da giya. Cinikin ya ɓaci, ga shi baƙo, ga mashaya cikin masaukinsa. Da ya ji ransa ya biya, sai ya yi ta buga waya yana neman a haɗa shi da wani mashayi su yi magana. Aka kai shi wurin wani likita, Bob Smith, wanda giya ta kusa kashe wa aiki. Likita ya ce minti 15 kaɗai zai ba shi. Suka zauna, sai ga su sun yi sa'o'i. Cikin watan Yuni na shekaran nan likita ya yi shansa na ƙarshe. Daga su biyun nan aka sami ƙungiyar Alcoholics Anonymous, watau mashaya masu ɓoye suna, wadda yau ta kai ƙasashe wajen 180.

Ga yadda irin taron nan ya ke. A kan zauna kamar sa'a guda. Ba a rubuta sunan kowa, ba kuɗin shiga, ba a tambayar addininka ko gidanku. Abu ɗaya a ke nema, watau kana son ka bari. Kowa ya faɗi nasa, saura su saurara, ba mai katse shi, ba mai yi masa faɗa. In ba ka son magana, ka yi shiru. Abin da aka faɗa a ɗakin, nan za a bar shi. Ba a ce ka yi alkawarin shekara ba, na yau kaɗai za ka riƙe. Ran da muka fara zuwa, waninmu sau uku ya wuce ƙofar kamar mai neman akuya, kāna ya shiga. Da ya ji wani dattijo yana ba da labarin yadda ya sayar da hatsin gida a ɓoye, sai ya fashe da kuka, don shi ma haka ya yi.

Kada ku ce tatsuniya ce. A cikin 2020 masana suka tara bincike 27, na mutane fiye da 10,000. Suka ga hanyan nan ba ta kasa sauran hanyoyin asibiti ba, wajen barin sha ɗungum ma ta kan fi.

Ina za a sami taron? A fara da asibiti. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa ta Kaduna, da Kware, da Maiduguri, akwai kuma na Dawanau a Kano. Kada sunan ya tsorata ku, zuwa can ba hauka ba ne. A ce wa likita ko nas, “Ko akwai inda masu barin giya su ke taruwa?” Ana kuma yin taro ta wayar hannu, ko da ya ke yawancinsa da Turanci ne. Wanda ya ke shakka saboda addini, ya sani Musulmin birnin Baltimo sun kafa tasu a 1989, sunanta Millati Islami.

Amma ku riƙe wannan da kyau. Wanda ya daɗe yana sha kullum, har hannunsa na rawa da safe, kada ya bari farat ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Cikin kwana 2 ko 3 ya kan yi gumi, ya ga abin da babu, ko farfaɗiya ta buge shi, har a kan rasa rai. Ba iska ba ce, jiki ne ya saba. Likita ke da maganinta, taro ba ya maye gurbinsa.

In garinku babu taro fa? Ai mutum biyu sun isa. Ka nemi wanda ya riga ka bari, ku sa rana, ku sami zaure ko gindin itace nesa da mashaya. Mu ma da tabarma ɗaya muka fara. Matan mashaya da 'ya'yansu su ma suna iya yin nasu zaman dabam, kamar yadda aka fara a Amurka a 1951.

Yanzu wanda ya ke da tambaya, kada ya ɗaga hannu. Kun iya rubutu, alhamdu lillahi. Kowa da kowa ya yagi 'yar takarda, mai tambaya ya rubuta, marar tambaya ya naɗe tasa haka nan, kada a sa suna. Malam zai zaga da ƙwarya, mu kuwa mako mai zuwa in Allah ya kai mu za mu kawo amsa.